Kwalbar da Mama Ta Binne a Gindin Lemo

Mama ce ta sa ni rubuta wannan labari, kuma sai da na yi wata biyu ina ja mata rai kafin na ɗauki biro. Sunana Rifkatu, malamar firamare ce ni a Kafanchan. Na saba rubuta wa 'ya'yan mutane "ka ƙara ƙoƙari" a gefen takarda, amma rubuta kuskuren gidanmu wani aiki ne daban. Labari ne na ciwon mahaifina, da wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsana ba, da wata huɗu da muka zubar muna murna. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Don haka ne nake rubutawa.

Baba Iliya, mahaifina, ma'aikacin reluwe ne, mai duba layi. Muna yara, lokacin da jirgi ke cika tashar Kafanchan da mutane da kuka, yakan fita da 'yar gudumarsa ya bi dogo da ƙafa, yana bugawa yana kasa kunne. Ya ce ƙarfe mai tsagewa daban yake amsawa, kuma wanda ya jira sai jirgi ya faɗi kafin ya duba layi, to ba ma'aikaci ba ne, mai ɗaukar gawa ne. Da ya yi ritaya ya zauna a gidan kakanninmu a gindin dutsen Kagoro, inda muka taso, ya rungumi noman citta.

Ban taɓa ganin mutum mai girmama abinci kamarsa ba. Ba haɗama ba ce, so ne. In Mama ta sauke gwaten acca da yakuwa da gauta, Baba zai wanke hannu har gwiwar hannu, ya yi addu'a gajeriya don kada ya huce, sannan ya ƙwala mini kira. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, zo ki zauna. Abinci da mutum ya ci shi kaɗai, wannan magani ne."

A gindin lemon da ke bayan ɗakin Mama yake cin abincinsa. Wannan itace yana da tarihi a gidanmu. Duk ɗan da aka haifa, a nan ake binne cibiyarsa: ta Baba tana nan, tawa tana nan, da ta ƙannena biyu. Haƙoran da muka famfare ma Mama ba ta yarda mu jefa kan rufi kamar sauran yara ba, can ta kai su. Dokarta ɗaya ce, kuma daga surukarta ta gaje ta: naman gida ba ya kwana a waje.

Da tsakiyar damina abin ya fara. Baba ya rage loma. Sai in ga ya kai tuwo baki, ya tsaya, ya dafa ƙirji, ya kora da ruwa. Ya ce kamar lomar takan tsaya a mararraba tana tunanin hanyar da za ta bi. Ga ƙwannafi, ga gyatsa mai tsami. Duk wanda ya ji sai ya ce olsa ce, domin a wajenmu duk ciwon da ke tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Ni ma da karatuna haka na ce.

Mako na farko, farin maganin nan na kemis mai kama da nono. Mako na biyu, jiƙon kanwa, shawarar Kawu Bitrus, ƙanin Mama. Kawu tsohon masinja ne a sakatariya, kuma tun da ya taɓa riƙe wa wani likita jaka ya ɗauki kansa rabin likita. Matan zumunta na cocinmu suka kawo zuma da ɗanyen ƙwai. Wani ya ce a daina ba shi yaji, wani ya ce ai yajin citta shi ne maganin. Inna Hajjo, Bafulatanar da rugarsu ke bayan rafi, wadda ta fi shekara ashirin tana kawo mana nono, ita ce kaɗai ta faɗi abin hankali. Ta sauke ƙwaryarta, ta dubi Baba sama da ƙasa.

"Baaba Iliya, saniya in ta ƙi ciyawa, ba a canza mata ciyawa. Baki ake buɗewa a duba."

Muka yi dariya, muka sayi kindirmo, muka ci gaba da kanwarmu.

Bel ɗinsa ne ya tona asiri. Wata Asabar na zo daga Kafanchan na tarar da shi yana huda sabon rami a jikin bel da ƙusa, na ƙirga na ga rami na uku ke nan da ya ƙara. Ranar Litinin na ɗora shi a mota sai asibiti. Mun yi layin kati tun da sanyin safiya, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Amma ina yi wa wannan likita addu'a har gobe, domin bai rubuta mana maganin olsa ya sallame mu ba. Ya tambayi shekarun Baba, ya tambaya ko abinci na tsaya masa, ya sa shi ya hau sikeli. Sannan ya ajiye biro ya ce dattijo mai ramewa, wanda loma ke maƙale masa, ba a yi masa canki-canki. Sai an leƙa.

"A leƙa ta ina?" in ji Baba.

Likita ya ce akwai wani siririn tiyo mai fitila da kyamara a kansa, ta baki ake zura shi har cikin tumbi, a ga komai a talabijin. Sunan aikin endoskofi. Ya ce ba su da na'urar, sai dai mu je Jos. Na zaci Baba zai tsorata, sai na ga ya gyara zama yana murmushi.

"Ashe ku ma kuna duba layi. To, a duba."

Nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ranar da wani asibiti mai zaman kansa a Jos ya ba mu ta faɗo a makon jarrabawa. Da na roƙi hedimasta da ya bar ni, na sani. Ban roƙa ba. Na ce ai kwana ɗaya ne, ga Mama, ga Kawu mai jin Turanci. An sayar da 'yan buhunan tsohuwar citta aka haɗa kuɗin mota da na aiki, na ja musu kunne cewa kada a ba Baba ko kunu tun daga daren jajibiri, kamar yadda aka ce. Na koma ina gadin yara kada su saci amsa.

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Muryar Mama har rawa take.

"Rifkatu! Yabo ga Ubangiji! Likita ya cire shi!"

"Ya cire me, Mama?"

"Abu ɗin mana! Ciwo ɗin! Na gan shi da ido na. Sun sa a kwalba sun ba mu. Ƙanana ne fa, kamar shinkafa uku, amma dubi wahala da ya ba Baban ki."

Na durƙusa a bakin aji na gode wa Allah. Ban ce wane abu ba. Ban ce ina takarda ba. Kunnena ya ji abin da zuciyata ke so, na rufe littafi.

Sai daga baya na haɗa yadda aka yi. Likitan ya ga wani tsiro a bakin tumbi, inda maƙogwaro ke shiga ciki, ya ɗan gutsuro kaɗan don a auna a gane ko mene ne. Asibitin ba su da ɗakin wannan gwaji, dangi suke ba wa su kai wani wuri a cikin gari. Baba yana kwance allurar barci ba ta sake shi ba. Wata nas ta leƙo ta taga, mutane sun yi mata caa, ta miƙo kwalba da takarda, ta yi bayani da Turanci kamar ana korarta. Kawu ya ce "yes, yes" kamar yadda ya shekara talatin yana faɗa a ofis. Mama kuwa ta ce ita ba ta ma ji muryar yarinyar ba, idonta yana kan kwalbar.

Kada wani ya ce wauta ce. Lokacin da aka yi wa Kawu aikin afendis, a tasa aka fito da abin aka nuna wa dangi. Yayar Mama da aka cire wa ƙari a mahaifa, haka aka yi. Tun zamanin kakanni ma, mai magani in ya ce ya cire maka ciwo, sai ya buɗe tafin hannu ka gani. Abin da muka sani ke nan: in an nuna maka, to an raba ka da shi. Kuma me ake yi da naman gida? Kafin in iso ranar Asabar, Mama ta naɗe kwalbar a leda, ta haƙa rami a gindin lemo, ta binne. Takardar kuma ta ɗauka rasit ne, ta sa a cikin Littafi Mai Tsarki, inda take ajiye duk wata takarda mai hatimi.

Abin da ya ƙara rufe mana ido, Baba ya ji sauƙi. An haɗo shi da ƙwayoyin rage tsamin ciki, ƙwannafin ya kwanta, ya soma cin tuwo mai laushi. Muka yi sujadar godiya a coci. Ni da kaina na zaɓi atamfar anko. Matan zumunta suka buga tulu da caki, Mama a gaba tana juyi kamar amarya, Kawu ya karɓi makirfo ya ba da shaidar yadda ya tsaya a kan likitoci sai da suka yi aikinsu.

Ina jin haushin wannan lokaci, kuma ina kewarsa, duka biyun. Ban taɓa ganin Kirsimeti mai daɗin ta wannan shekara ba. An tone citta, tsakar gida ya cika da ƙamshinta tana shan rana. Ƙannena sun zo da iyalansu. Baba ya sa tsohuwar hular reluwe, ya jera jikoki suka kama rigar juna, shi ne kan jirgi, yana kwaikwayon kukan jirgi yana zagaya lemo da su. Ya ci shinkafa da romon kaza, a hankali, yana korawa da ruwa. Na ga yana korawa. Na kau da kai na ce tsufa ne.

Bayan sabuwar shekara tuwo ya daina wucewa. Aka koma gwate mai ruwa. Kafin Ista, kunu ma sai ya sha ya dawo. Mama ta ce ko sabon ciwo ne, Kawu ya ce maƙiya ne suka ji shaidarsa a coci. A wannan karon ban nemi shawarar kowa ba. Na ɗauki hutu, na ɗauki Baba, mu biyu muka hau motar Jos. Mama ta tsaya gida saboda ƙafarta ba ta son doguwar tafiya.

Likitan ya buɗe fayil, ya dubi Baba, ya sake duban fayil.

"Baba, mako biyu na ce ku dawo. Wata huɗu ke nan. Ina sakamakon bayofsi?"

Wannan kalma ba za ta fita daga kaina ba har in mutu. Na ce, "Likita, wane sakamako? Ba kun cire abin ba?"

Ya cire tabarau ya ajiye. Bayerabe ne, amma ya yi mini bayani da Hausa mai kyau, dalla-dalla, yadda ya kamata a yi wa Mama tun farko. Ya ce in mai sayen citta ya zo, yakan ɗebi 'yar kaɗan daga buhu ya karya ya duba, amma buhun yana nan inda yake. Abin da aka sa a kwalba ɗanɗano ne kawai. Ciwon yana ciki, bai je ko'ina ba. Ya tambayi inda kwalbar take. Baba ne ya amsa, a natse.

"Yana gida, likita. Mata na ya ajiye shi wuri mai kyau."

Da na faɗi inda take, likitan bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce in murfin bai buɗe ba, ruwan da ke ciki yana hana nama lalacewa, in kawo ta. Sannan ya kira nas ɗin sashen ya yi mata magana a gefe, na ga ta sunkuyar da kai. Ina da ƙorafi a kan asibitin nan, kuma zan faɗa: wanda zai miƙa wa tsohuwar ƙauye naman mijinta ta taga, ya kamata ya tsaya ya tabbata ta gane. Minti ɗaya da Hausa da ya ishe mu.

Washegari aka sake leƙawa, aka bar ni na tsaya a gefe. Suka fesa masa wani magani a maƙogwaro, suka sa masa roba tsakanin haƙora, ya kwanta ta gefen hagu. Tiyon baƙi ne, kaurin ɗan yatsa. Bai fi minti goma sha biyar ba duka, ga masu jin tsoro. A talabijin na ga hanya ja mai santsi tana tafiya, tana tafiya, sai ga wani abu ya toshe ta, gudaji-gudaji, yana tsattsafar jini. Likita ya nuna mini hoton farko a fayil. A wancan lokacin bai wuce ƙwayar gyaɗa a gefen hanya ba. Yanzu ɗan rami ne ya rage wanda da ƙyar tsinken tsintsiya zai bi. Ya sake gutsurowa. Wannan kwalbar a hannuna aka sa ta, kuma ban zauna ba sai da na kai ta ɗakin gwaji aka ba ni shaida.

Mun dawo gida ranar Talata, ranar da Mama ke zuwa koyon waƙa na zumunta da yamma. Tana fita na ɗauko fartanya. Baba ya sa aka kai masa kujera gindin lemo, ya zauna yana nuni da sanda kamar yana kan aikin layi.

"Ba nan ba, uwata. Nan cibiyar ƙanin ki ne. Matsa hagu."

Ina tono ina hawaye, shi kuwa yana yi mini tsiya wai malaman zamani ba su iya riƙe fartanya ba. Na tarar da ledar, ƙulli uku irin na Mama. Kwalbar lafiya lau, 'yan gutsattsarin suna yawo a cikin ruwa. Amsar da muke nema tana kwance wata huɗu kusa da cibiyata, muna taka ta muna wucewa. Na mayar da ƙasa, na daddanna da ƙafa, na watsa busassun ganye. Na shiga ɗakin Mama na zare takardar daga cikin Zabura.

Da na fito Baba ya kama hannuna.

"Uwata, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maman ki ba zai ji wannan magana ba."

"Baba, ai gaskiya ce."

"Gaskiya ne. Amma mace ɗin nan ya binne abu ɗin da ƙauna. In ya sani, ni zan mutu sau ɗaya, shi zai mutu kullum. Ki ce ciwo ya sake tsira, kamar ciyawa. Ba ƙarya ba ne sosai."

Na yi masa alkawari. Kawu ma na same shi a keɓe. Da na gama bayani, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya zauna a kan turmi ya riƙe kai.

Na kai tsohuwar kwalbar Jos da kaina. Bayan mako biyu sakamako ya fito, na tsohuwar kwalba da na sabuwa, bakinsu ɗaya: ciwon daji. Hoton da aka ɗauka daga baya ya nuna ya riga ya taɓa hanta. Na tambayi likita abin da kowa zai tambaya. Ya ce shi ba Allah ba ne, ba zai rantse cewa da an kawo da wuri Baba zai warke ba. Amma a wancan lokacin akwai hanyar yin aiki a yanke wurin, yanzu kuwa ta rufe. Abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa masa. Suka sa masa wata 'yar raga a wurin da ya toshe, ta buɗe hanya kaɗan don ruwa-ruwa ya wuce. Baba ya ce an yi wa layi kwaskwarima, jirgin kaya ba zai bi ba, sai dai ƙaramin jirgi.

Wata uku muka yi jinyarsa a gida. Mama ta zama gwanar tata: kunun acca sai ta tace shi sau biyu a ƙyalle, romon kaza ta tace, gwaten da yake so ma ta dama shi ta tace don ya ji ko ɗanɗanon yakuwa. Cokali biyar, a huta, a ɗaga shi zaune, a shafa baya. Kawu ya ajiye likitanci ya koma wankin zanen gado, kuma bai yi fashin ko rana ɗaya ba. Inna Hajjo takan zo kowace safiya da kindirmo a 'yar ƙwarya daban, ta ƙi karɓar ko sisi, har ranar da ruwa ya cika rafi sai da ta zagayo ta gada. Matan zumunta sukan zo su yi masa waƙa a tsakar gida, a hankali, ba tulu ba caki. Ban san yadda zan gode wa mutanen nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Mama takan zauna tana ba shi kunu tana cewa, "Ubangiji ya cire na farko, zai cire na biyu." Baba sai ya ce amin, ya kalle ni ta gefen ido. Ni kuma in tashi in fita kamar zan duba tukunya.

Duk da haka bai yarda a ci abinci a ɓoye saboda shi ba. Ya ce a kawo tuwon gindin lemo, a ci a gabansa. Yana riƙe da kofinsa yana bin lomarmu da ido, yana gyara mana: wannan miya ta so ƙarin daddawa, wancan ya cika gaggawa. Ya rasu wata safiya bayan an gama rufe citta da ciyawa, ruwa yana sauka siri-siri a kan dutse. Cokali biyu na nonon Inna Hajjo ne abin da ya shiga cikinsa na ƙarshe.

Na riƙe alkawarina har aka yi jana'iza, baƙi suka watse. Bayan wata guda na zo gida ranar Asabar, na tarar da Mama tana shara a gindin lemo. Na karɓi tsintsiyar, ta zauna a kujerar Baba tana kallona.

"Rifkatu."

"Na'am, Mama."

"Kin iya tono, amma ba ki iya rufe rami ba."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

"Shekara arba'in ina share wuri ɗin nan," in ji ta. "Ganye zai taru wuri ɗaya ban sani ba? Na dawo daga waƙa na gani. Na buɗe Zabura, takarda ba ya nan. Washegari na je wurin wani nas a cocin mu, na ce, in likita ya ba mutum nama a kwalba, me ake yi da shi? Ya gaya mini."

"Mama, tun ranar? Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Baban ki yana ɓoye mini don kada in ji zafi. Ɗan abu da ya rage masa ke nan da zai yi mini. In ƙwace masa?"

Na durƙusa na sa kaina a cinyarta, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na ce laifina ne, da na je da ba a yi haka ba. Ta ce in bar rabon laifi, kowa ya ɗebi nasa ya ishe shi. Sai da na yi shiru sannan ta ɗago fuskata.

"Ke mai biro ne. Ki rubuta. Ki ce in abinci ya fara tsaya wa mutum, a bar kanwa a je a leƙa. In an ba su kwalba, su tambaya ina za a kai, su koma su karɓi amsa. Kada ki ce wata mata. Ki ce Maman ki ne."

Na ce zan rubuta. Ta kalli wurin da na tona, sannan ta yi tambayar da na san ta daɗe tana cinta.

"Nama ɗin fa? Da suka gama aunawa, sun ba ki?"

Na ce a'a, ba a mayarwa, yana can Jos a ɗakin gwaji.

Ta jinjina kai a hankali. Ta miƙa hannu ta ɗauki tsintsiyar daga ƙasa.

"To, ya kwana a waje," in ji Mama. "Da na bar shi ya kwana a waje tun farko."